Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Daren da Camp Nou Ya Koma na Baƙi

Daren Alhamis ne, 14 ga Afrilun 2022, azumi ya kusa rabi. A gidan kallon unguwarmu an tayar da janareta tun kafin a idar da isha'i, mai gida ya jera bencina, ya zauna bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Barcelona ce ke karɓar baƙuncin Eintracht Frankfurt ta Jamus a karawa ta biyu ta zagayen kwata fainal na kofin Europa, bayan an tashi 1-1 a can Jamus. 'Yan Barca sun zo suna taƙama, don ko wata guda ba a yi ba da suka je har Bernabeu suka zuba wa Real Madrid huɗu da nema.

Wani tela maƙwabcina, wanda kaf layinmu babu mai son Barcelona kamarsa, bai shigo ba sai da aka sallame asham. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙura wa talabijin ido. Fararen riguna sun mamaye filin tun daga ƙasa har ƙololuwa, kuma muryar da ke tashi ba ta masu gida ba ce. Sai ya dubi mai gidan kallo ya ce, "Malam, wasan makon jiya ka sa mana ne? Wannan ai Jamus ce." Aka kwashe da dariya. Wani yaro ɗan Madrid ya ɗago daga benci ya ce, "A'a Baba, gidanku ne. Haya kuka bayar."

Yaron zolaya yake yi, amma gaskiya ya faɗa. Mutum 79,468 ne suka shiga Camp Nou a daren nan. Tikiti 5,000 aka ware wa Frankfurt, bisa ƙa'idar hukumar ƙwallon Turai, UEFA, wadda ta ce a bai wa baƙi kashi biyar cikin ɗari na kujerun fili. Amma Jamusawan da suka shiga an ƙiyasta sun kai 30,000. Filip Kostic ya ci fenareti a minti na huɗu, Rafael Borre ya ɗirka ta biyu daga nesa kafin hutun rabin lokaci, Kostic ya ƙara ta uku. Biyun da Busquets da Memphis Depay suka farke bayan cikar minti 90 ihu ne bayan hari. Barcelona ta fita, Frankfurt ta wuce har ta ɗauki kofin a watan Mayu, rabonta da kofin Turai tun 1980. Shugaban Barcelona, Joan Laporta, ya fito a daren ya kira abin da ya faru abin kunya. Matasan da ke tsayawa bayan raga suna waƙa suka bar wurinsu wayam na minti goma bayan hutu don nuna fushi, sannan suka ƙaurace wa wasa na gaba, wanda Cadiz ta zo har gida ta ci Barcelona ɗaya mai ban haushi.

Mutum 25,000 ɗin nan da suka ƙaru ba katanga suka haura ba, ba ƙofa suka ɓalle ba. Kowa da tikitinsa ya shiga. Ƙungiyar ta ce ta toshe sayarwa ga katin banki da kwamfutocin Jamus, amma tikitin ya bi ta wasu hanyoyi: wanda ita kanta ta zuba a kasuwa, sama da 34,000, da wanda ya bi ta hannun kamfanonin tafiye-tafiye, da kuma wanda 'ya'yan ƙungiya suka saya ko suka mallaka, suka miƙa wa baƙi suka karɓi kuɗi. Wannan hanya ta uku ita ce ta fi yi wa masu gida ciwo, kuma a kanta nake son mu tsaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, tikitin kaka yarjejeniya ce tsakanin ƙungiya da mai goyon bayanta. Kafin a fara kakar wasa za ka biya kuɗin duk wasannin gida a dunƙule, a ba ka kujera guda mai lamba, ta zama taka har kaka ta ƙare, kuma kai ke da damar sabunta ta baɗi. Idan ka raba kuɗin a kan yawan wasanni za ka ga kowane wasa ya faɗo maka da araha sosai fiye da na mai sayen tikitin rana ɗaya. A manyan ƙungiyoyi kujerar nan gado ce: kaka ya zauna, uba ya zauna, ɗa ya zauna, kuma maƙwabtan kujera sun san juna shekara talatin, suna zuwa jana'izar juna. Wanda ke son shiga sahu a Liverpool ko Arsenal kuwa sai ya yi shekaru a layin jira. A Barcelona, wadda 'ya'yanta ne suka mallake ta kuma su ke zaɓen shugaba, a wancan lokaci masu irin wannan tikiti sun haura 80,000 a filin da ke ɗaukar mutum 99,354.

To, mutumin da ya biya kuɗinsa lakadan, me zai hana shi sayar da abin da ya saya? Kafin mu yanke masa hukunci mu shiga rigarsa. Ka ɗauka kai ne, ɗan fansho a Barcelona. Messi ya tafi Paris tun watan Agusta. An fitar da ƙungiyarka daga gasar Zakarun Turai tun a matakin rukuni, yanzu kuna buga kofin da kuka saba yi wa kallon na ƙanana. Makon hutun Ista ne, iyali suna son fita gari. Wasan ƙarfe tara na dare ne, da ƙungiyar da ke tsakiyar teburin Bundesliga, wadda ka tabbata za a ci ko ka je ko ba ka je ba. Sai ga wani Bajamushe ya yi maka tayin kuɗin da zai rage maka kaso mai tsoka na abin da ka biya a shekara. Kujera ɗaya ce cikin kusan dubu ɗari. Wa zai lura?

Matsalar ita ce kowa haka ya faɗa wa kansa. Ba a yi taro aka ƙulla makirci ba. Dubban mutane ne kowa a ɗakinsa ya yi lissafin da ya yi masa daidai, aka wayi gari lissafin ya haɗu ya zama abin da babu ɗayansu da ya so.

Ni a ganina hujjar "kuɗina na biya" ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma manomi zai fi kowa gane dalili. Idan gwamnati ta ba ka buhun taki a rabin farashi, ba don fuskarka ta ba ka ba, don ka zuba a gona ne, a samu amfani, abinci ya wadata. Ranar da ka ɗauki buhun ka kai kasuwa ka sayar a cikakken farashi, ba za ka ce ai kuɗinka ka biya ba. Rabi ka biya da kuɗi, ɗaya rabin kuma alkawari ka ɗauka. Tikitin kaka ma haka yake. Rangwamen da aka yi maka ladan zuwanka ne: ka zo ran ruwa, ka zo ran sanyi, ka zo ranar da ake buga wasa da ƙungiyar da ba mai son kallo, ka buɗe murya lokacin da yaranku suka gaji. Wanda ya karɓi rangwamen sannan ya sayar da kujerar ga abokin hamayya ya ci kuɗi sau biyu, kuma abin da ya sayar ba nasa ba ne shi kaɗai. Da rabon wanda ke kujerar dama da shi, da na wanda ya shekara goma a layin jira, da na ɗan wasan da ya fito ɗumama jiki a gidansu ya ji ana yi masa ihu.

Wani zai ce wannan duk soyayya ce, ƙwallo a ƙafa ake buga ta, ba a maƙogwaro ba. Da can ana iya wannan gardama, amma annobar korona ta raba ta. A kakar 2020/2021, wadda aka buga kusan dukkanta babu 'yan kallo, ƙungiyoyin da suka je baƙunci a gasar Firimiya sun ci wasa 153, masu gida suka ci 144. Ba a taɓa ganin baƙi sun fi masu gida cin wasa a gasar ba sai a wannan shekara. Liverpool ta jera wasa 68 na gasar ba a doke ta a Anfield ba. A Janairun 2021 Burnley ta zo filin babu kowa ta ci ta, sai da aka jera mata shida a gida, har da Brighton da Fulham da Everton. Ciyawar ita ce, faɗin ragar shi ne, ɗakin sauya kaya bai canza ba. Mutane ne kawai babu. Ashe abin da muke kira gida ba gini ba ne, jama'ar da ke ciki ce. Idan haka ne, wanda ya sayar da kujerarsa ga baƙo ya gutsuri gidan ne ya sayar.

Akwai kuma maganar da ta fi cin wasa ko faɗuwa nauyi, wato rai. Ba don ƙiyayya ake ware wa baƙi ɓangarensu da ƙofarsu da jami'an tsaronsu ba. Darasi ne da aka koya da jini. Ranar 29 ga Mayun 1985, Liverpool da Juventus suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Turai a filin Heysel da ke Brussels, tsohon fili da ya riga ya lalace. Aka ware wani ɓangare, daf da na magoya bayan Liverpool, aka ce na 'yan Beljiyam ne 'yan ba-ruwanmu. Amma akwai Italiyawa da yawa mazauna Beljiyam, ga kamfanonin tafiye-tafiye, ga 'yan bayan fage, sai tikitin ɓangaren ya ƙare a hannun magoya bayan Juventus, tsakaninsu da abokan hamayya siririn shingen waya ne kawai. Kafin a take leda wasu magoya bayan Liverpool suka kutsa, jama'a suka gudu suka matsu a jikin bango, bangon ya rushe. Mutum 39 suka mutu, akasarinsu Italiyawa. Aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila wasannin Turai shekara biyar, Liverpool shida. Laifin kutsen na masu kutsen ne, kuma kotu ta hukunta wasunsu. Sai dai tikitin da ya sauya hannu shi ya zaunar da mutane a inda tsarin tsaro bai san da su ba.

Irin wannan haɗari ne ya sa Ingila ta bambanta tikitin ƙwallo da na sauran wasanni. Dokar da aka yi a 1994 ta mayar da sayar da tikitin ƙwallon ƙafa ba da izinin masu shirya wasa ba laifi a Ingila da Wales, daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da ciniki ta intanet. Amma doka ba ta hana abin faruwa ba. A Satumban 2017 Cologne ta Jamus, wadda rabonta da wasan Turai shekara 25, ta zo gidan Arsenal. Tikiti 2,900 aka ba ta, magoya bayanta kimanin 20,000 suka sauka Landan, da yawansu suka samu kujeru a ɓangaren masu gida, sai da aka jinkirta wasan awa guda. Ka lura da kamar da ke tsakanin wannan da na Barcelona: duka daren Alhamis, duka kofin Europa, duka babbar ƙungiya ce da ta faɗo daga gasar Zakarun Turai mutanenta suna yatsina, ta haɗu da ƙungiyar da mutanenta ke ganin wannan ne daren rayuwarsu. Raini ne ya buɗe ƙofar kafin kuɗi su shigo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zuwa nan mai karatu zai ce to shi ke nan, an gano mai laifi. A'a, da sauran rina a kaba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu koma kan tikiti 34,000 ɗin nan da Barcelona ta zuba a kasuwa. Daga ina ta samo kujeru masu yawa haka a filin da akasarinsa na masu tikitin kaka ne? A wannan kakar, saboda korona, ƙungiyar ta bai wa masu tikitin kaka damar su huta shekara guda ba tare da sun rasa kujerarsu ba, kuma sama da 26,000 suka karɓi tayin. Kujerun nan suka dawo hannun ƙungiya, ita kuma tana cikin bashin da Laporta da bakinsa ya ce ya kai yuro biliyan 1.35. Ta sa musu farashi mai tsada, irin wanda ɗan gari zai duba ya juya, amma wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi daga Frankfurt ba zai ko yi tayi ba. Duk mai sayar da kaya ya san wa ke da kuɗin saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka da shugabanni suka fito daga baya suna nuna 'ya'yan ƙungiya da yatsa, sauran yatsun su suke nunawa.

Kuma ba a daren nan aka fara ba. Shekara da shekaru kafin nan Barcelona tana da tsarin da mai tikitin kaka zai saki kujerarsa a wasan da ba zai je ba, ƙungiya ta sayar wa ɗan yawon buɗe ido, a raba kuɗin da shi. Tsarin yana da amfaninsa, ya fi a bar kujera babu kowa. Amma ya koya wa ɗan ƙungiya wani karatu: kujerar nan haja ce, tana da farashi, kuma farashin yana tashi idan wasan babba ne. Wanda ya haddace wannan karatu, watarana zai tambayi kansa me ya sa zai raba riba da dillali alhali zai iya sayarwa da kansa. A 2018 sai da ƙungiyar ta hukunta 'ya'yanta sama da 2,800 saboda cinikin tikitin wasan hamayya da Real Madrid. Malami ne ke dukan ɗalibin da ya fi shi iya karatun da ya koya masa.

A Ingila ma hakan take. A Fabrairun 2016 magoya bayan Liverpool kimanin 10,000 suka tashi suka fice daga Anfield a minti na 77 saboda an ce za a kai wani tikiti fam 77. Ana cin Sunderland biyu da nema suka fita, aka tashi 2-2, kuma cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye suka ba da haƙuri. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitin wasanninta fam 66, ta cire rangwamen yara da tsofaffi. A Chelsea kuwa, ƙungiyar magoya baya ta kai kuka ga hukumar Firimiya a 2025 saboda Todd Boehly, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, yana da hannun jari a Vivid Seats, kamfanin Amurka mai dillancin tikiti wanda hukumar ta sa a jerin waɗanda ba ta amince da su ba. Gaskiyar da manyan ƙungiyoyi ba sa so su faɗa ita ce mai tikitin kaka ya zama musu nauyi. Yana biyan kuɗi kaɗan, ya ci abincinsa a gida, rigarsa ta shekara biyar ce. Ɗan yawon buɗe ido kuwa zai biya ninki, ya shiga shago ya yi wa 'ya'yansa sayayya. Suna son kuɗin wannan, suna son muryar wancan, don muryar ce ke sa hoton ya yi armashi a talabijin, talabijin kuma ita ce babbar saniyar tatsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Amurka, inda sake sayar da tikiti kasuwa ce a fili, ƙungiyoyin da kansu suna da yarjejeniya da kamfanonin dillanci. A ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita, ƙungiyar Chargers ta bar San Diego ta koma Los Angeles a 2017, ta yi kaka uku a ƙaramin fili mai kujeru kimanin 27,000, kuma sau da yawa magoya bayan baƙi ne suka fi yawa a wasanta na gida. A can da wuya a kira wannan cin amana, don tun farko ba a ƙulla amanar ba. Ciniki aka yi.

Barcelona ta ɗauki mataki bayan abin kunyar: ta ce daga yanzu tikitin wasannin Turai zai zo da sunan mai shi. Ƙungiyoyin Ingila kuma sun koma tikitin waya mai wuyar turawa, suna korar waɗanda aka kama, wasu kamar Arsenal sun gindaya sharaɗin sai an yi amfani da kujera a adadin wasanni kaza kafin a sabunta. Ban ƙi waɗannan matakai ba, amma su kaɗai rabin magani ne, kuma sukan fi cizon wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙwararren ɗan bayan fage yana da ɗaruruwan sunaye da wayoyi, zai samu hanya. Wanda tsarin ke kamawa shi ne dattijon da bai iya latsa waya ba, ko wanda ya kwanta asibiti ya bai wa ɗan 'yar'uwarsa kati.

Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne a bambance abu uku da ake haɗawa a buhu ɗaya. Bai wa ɗan'uwa ko aboki kujerarka kyauta ko a kuɗinta zumunci ne, ta haka ake renon sabbin magoya baya, a sauƙaƙa shi, a rubuta sunan wanda aka bai wa, mai kujera ya ɗauki alhakinsa. Mayar wa ƙungiya kujera idan uzuri ya taso hakki ne, a dawo maka da daidai abin da ka biya, ita kuma ta fara tallata ta ga masu layin jira a farashin da ba ta ɗora riba ba. Sayar wa abokin hamayya don riba kuwa, wannan a karɓe kujerar a bai wa na gaba a layi, kuma kada a tsaya kan talaka: kamfanin tafiye-tafiyen da aka bai wa kaso ya karkatar, da jami'in da ya sa hannu, su ma a gan su a rana. Sannan a dubi baƙon shi ma. Mutumin da ya keto ƙasa biyu don ya ga ƙungiyarsa ba ɓarawo ba ne. Idan an san masu gida ba za su cika fili ba, kuma an san baƙi dubu talatin na tafe, hankali shi ne a ƙara musu kaso a ɓangare guda da aka killace, a sayar musu a fili. Firimiya ta nuna ana iya kyautata wa baƙo, tun 2016 ta ƙayyade tikitinsa a fam 30. Kogin da aka ƙi yi wa hanya, da kansa zai yi, kuma ta cikin gida zai bi.

Dole in ja kunnenmu a nan, don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kishin gida shi ne tsanar baƙo. Mu namu ciwon akasin na Barcelona ne. Kano Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a gasar Najeriya ba, kuma duk wanda ya taɓa jin filin Sani Abacha ya ɗauki "Sai Masu Gida" ya san jama'a na da kaso a wannan tarihi. Amma kwana biyu kacal bayan daren Camp Nou, a wasan Pillars da Katsina United a Kano, 'yan kallo suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi, aka ƙwace wa Pillars maki uku, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. Can sun sayar da gida, nan mun ƙone shi da hannunmu. Jamusawan da suka cika Camp Nou sun ci wasa, sun yi waƙa, sun koma gida lafiya. Ranar da ɗan Katsina zai zo Kano, ko ɗan Kano ya je Aba, ya zauna ɓangarensa da rigar ƙungiyarsa ya koma da haƙoransa cif, ranar ce za mu fara maganar tikitin kaka da bakin da ya dace.

Abin da ya biyo baya a Barcelona shi ya ƙara tabbatar mini inda gizo ke saƙa. A 2022 aka liƙa wa filin sunan kamfanin Spotify. A 2023 ƙungiyar ta koma filin Montjuic don a sake gina Camp Nou ya ɗauki mutum kimanin 105,000, da ƙarin wuraren alfarma. A ƙarshen 2024 ta rufe ɓangaren matasan nan masu waƙa, waɗanda suka yi fushi a daren Frankfurt, saboda taƙaddama kan tarar yuro 21,000. Ba a jima ba ta sayar da hakkin kujerun alfarma 475 na sabon filin ga masu zuba jari daga yankin Gulf, a kan kimanin yuro miliyan 100, na tsawon shekaru masu yawa. Wanda ya sayar da kujera ɗaya na dare ɗaya an kira shi maci amana. Wanda ya sayar da 475 na shekaru an kira shi mai dabarar kuɗi.

Ban wanke na farkon ba. Amana ya ci, kuma ya cancanci ya rasa kujerar. Amma amana igiya ce mai baki biyu, ba a cewa wani ya riƙe tamau alhali kai ka saki naka bakin. Ƙungiyar da ke son 'ya'yanta su ɗauki kujera a matsayin gado, sai ta daina yi musu kallon masu haya da suka ƙi tashi.

Telan nan maƙwabcina bai taɓa zuwa Sifaniya ba, kuma da wuya ya je. Amma a gidan kallo yana da wurinsa, ƙarshen benci na biyu kusa da fanka, kowa ya sani. Ran wasan Barcelona da Madrid, lokacin da gida ke cika har a tsaya a taga, na taɓa ganin wani ɗan Madrid ya zaro kuɗi ya ce ya sayar masa da wurin, zai ninka masa kuɗin shiga sau biyar. Telan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. In na ba ka nan, wa zai yi maka ihu in mun ci?" Sai ya matsa ya ba shi gefen benci, kyauta.